Yadda Bushiya Ta Yi Ƙaya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

Can arewa, inda gero ke tsawo ya shanye mai doki, an yi wani Sarkin Noma ana ce masa Korau. Mutum ne mai zafin zuciya. Wata safiya ya leƙa rumbunsa, ya tarar an ɓarje masa gero, sai ƙaiƙayi. Ya fito yana huci.

Ya ce, "Duk mai gashi da bai kai kyanwa girma ba, ɓera ne. A kashe!"

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ai ba duka ne ɓeraye ba."

Ya ce, "Rufe mini baki. Duk ɓera ne."

Aka haƙe ramuka. Aka kwarara ruwan zafi. Aka cinna wa shinge wuta. A gindin shingen nan kuwa Bushiya ta ajiye 'ya'yanta, ta tafi neman abinci. A wancan zamani gashinta laushi gare shi kamar auduga. Ta dawo, ta tarar da toka.

Ta tafi ƙofar Korau, ta tsaya. Ta ce, "Sarkin Noma, me 'ya'yana suka ci maka?"

Ya ce, "Yau kuma ɓera ne ke yi mini tambaya?"

Ta ce, "Ni ba ɓera ba ce. Kunama nake ci. Ban san ɗanɗanon gero ba."

Ya sa ƙafa ya shure ta.

Ta tashi ta karkaɗe jikinta, ta kira taro a gindin tsamiya. Jaɓa mai dogon hanci ta zo tana tsaki, ta ce, "Ni da nake kwashe masa ƙwari, ni ce ɓera?" Tunku ya zo ido jajir, ya ce, "Ni da nake kashe masa macizai, ni ne ɓera?" Kurege ya ce, "Ni kam ina ɗan taɓa gyaɗa, amma ban san hanyar rumbunsa ba." Gafiya ta zo, Zomo ya zo, Jemage ya sauko yana lilo. Ɓera kaɗai bai zo ba. Yana kwance cikin rumbun, ciki ya yi tim.

Bushiya ta ce, "Tunda bai san mu ba, mu bar masa garin."

Suka yi daji.

Da Jaɓa ta tafi, ƙwari suka cinye shuka. Korau ya ce ba komai. Da Tunku ya tafi, kububuwa ta sari sansa na noma, ya mutu a turke. Korau ya ce ba komai. Da Bushiya ta tafi, kunama ta cika gidan, har ta harbi 'yarsa Tsahara a tafin ƙafa. Yarinya ta yi ta ihu, ƙafa ta kumbura.

Tabawa ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta ce, "Ka ce ba komai mu ji. Ko ka je ka dawo da su, ko in goya 'yata mu bar maka gidan."

Korau ya shiga daji, ya same su a bakin wani tafki. Ya durƙusa.

Bushiya ta ce, "Kira kowa da sunansa. Wanda ka kira daidai, zai bi ka."

Ya duba, ya duba. Ya ce, "Ke ce Jaɓa." Jaɓa ta yi tsaki, ta bi shi. Ya ce, "Kai ne Tunku." Tunku ya harare shi, ya bi shi. Haka ya yi ta kira yana gumi, har ya zo kan ta ƙarshe.

Ya ce, "Ke ce Bushiya. Ki yi haƙuri, ki taho."

Ta ce, "Saura 'ya'yana. Kira su, su taho."

Korau ya matso kusa da ita. Sai ya miƙa hannu zai shafa bayanta. Nan take gashinta ya miƙe don fushi, kowane sili ya zama ƙaya. Ta soke shi a tafin hannu har jini ya zubo.

Ta ce, "Zan koma saboda Tsahara, don yarinya ba ta yi mini laifi ba. Amma hannun mutum ba zai ƙara taɓa ni ba."

Shi ya sa har gobe, in Bushiya ta ji motsinku, sai ta dunƙule ta nuna muku ƙaya. Fushin bai huce ba.

Ƙurunƙus, na sauke ta a nan. Wanda zai hukunta, ya fara sanin sunan mai laifi.