Famfon Tanimu

An ce wai a wani gari da direbobi ke kira Ƙarshen Kwalta, inda hanya ke ƙarewa rairayi ya fara, an yi wani Sarkin Makanikai mai suna Ɗantsoho. Shekara arba'in ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin mota, har idonsa ya dushe, amma kunnensa bai tsufa ba. Motocin garin duk tsofaffin 'yan jeji ne masu shan gas, waɗanda aka daina ƙera irinsu tun da daɗewa. Kayan gyaransu ba a shago suke ba. In ɗaya ta mutu sai a yanka ta a raba wa sauran, wannan ta ɗauki giya, waccan ta ɗauki nozul mai fesa mai a inji. Abin da ya fi komai daraja a cikinsu shi ne famfon injekta, wanda ke auna mai yana tura wa inji, domin mota mai lafiyayyen famfo ita ke shiga rairayi ta fito.

Makanikan garin suna da wata al'ada. Jijjigar hanyarsu tana kwance noti, saboda haka duk wanda ya ɗaura famfo sai ya zura waya ta cikin kowane noti ya murɗe ta da filaya. Mai cire famfo kuwa dole ya yanke tsohuwar waya ya murɗa sabuwa.

To, akwai wa da ƙane a garin, Tanimu da Haladu, uwa ɗaya uba ɗaya. Tanimu bahago ne, mai ƙarancin magana, ya koyi gyara a hannun Ɗantsoho kafin ya koma tuƙi. Haladu kuwa direba ne zalla, ba ya buɗe bonet sai don zuba ruwa, ga zuciya kamar ta kuturu. Da ubansu ya rasu ya bar motoci biyu iri ɗaya. Tanimu ya sami wadda ke ɗauke da famfon da kowa ya sani a garin, wanda uban nasu ya buga wa ɗigo uku da ƙusa a gefe. Haladu ya sami ɗayar, mai tari da baƙin hayaƙi. Tun ranar ya ƙudura a ransa an cuce shi. Gida ɗaya suke ajiye mota, amma shekara uku ko gaisuwa sai ta zama dole. Sau ɗaya Tanimu ya ce masa, "Kawo in duba maka famfon nan, ba na son ƙarar da yake yi." Haladu ya ce, "Da in karɓi taimakonka, Yaya, gara in tura ta da hannu har Gabas."

Wata bazara, Haladu ya sami lodin mutum goma sha shida zuwa kasuwar kanwa, tafiyar kwana uku cikin rairayi, babu gari babu inuwa. Ya sa aka canza masa filtar mai, ya tafi ta'aziyya ƙauye kwana biyu, ya bar motar a gida. Da ya dawo ya tayar da ita, sai ya ji tari ya ɗauke, hayaƙi ya washe. Ya shiga tasha yana cika baki, wai filta ce kawai, ga masu cewa motarsa ta mutu nan sun ji kunya.

Ran da ya tashi, Tanimu ma ya tashi shi kaɗai da buhunan gero zuwa Rijiyar Tsamiya, tafiyar wuni guda, da jarkar ruwa ɗaya. Bai isa ba. Bayan kwana huɗu masu raƙuma suka same shi kwance a ƙarƙashin motarsa, bonet a buɗe, jarka a bushe, sifana a hannunsa na hagu.

Haladu ya kai mutanensa lafiya, ya dawo lafiya, ya tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Abin ya dake shi ƙwarai. Sai dai baƙin cikinsa bai sami hanyar fita ta ido ba, sai ya nemi wanda zai sauke wa. Wanda bai yi wa ɗan'uwansa magana yana raye ba, sau da yawa shi ke fi kowa ɗaga murya a kansa in ya mutu. Da aka jawo motar Tanimu, Haladu ya kankare gefen famfon, bai ga ɗigo uku ba. Wani gajiyayyen famfo ne a ciki.

A makon da zai yi tafiyar kuwa Tanimu ya kai motar garejin wani makanike mai suna Maharazu, an wanke masa nozul. Shi ke nan, magana ta ƙare a bakin mutane. Kafin azahar an janye motoci biyar daga garejinsa, mai abincin tasha ta ƙi zuba masa, matarsa ta je rijiya mata suka juya mata baya. Dokar sana'ar kuwa ba ta da sassauci: makaniken da ya musanya kayan motar jeji a ɓoye, kisa ya yi, a ƙwace akwatin aikinsa a kore shi daga garin.

Washegari aka taru da hantsi a gindin darbejiyar tasha. Haladu ya zo a motarsa, kuma tun yana shan kwanar tasha Sarki Ɗantsoho ya karkata kunne, ya bi ƙarar har aka kashe inji. Haladu ya faɗi ƙararsa. Sarki ya juya ga Maharazu.

Maharazu ya ce, "Ranka ya daɗe, nozul na wanke. Famfo ko sifana ban ɗora masa ba. Ba ni da shaida sai Allah, wanda zai shaide ni kuwa an rufe shi."

Sarki ya sa aka kama hannunsa zuwa motar marigayi. Ya laluba famfon, ya bi wayar da yatsa a hankali, ya daɗe bai ɗago ba. Gaskiya ta bayyana gare shi, ta kuwa yi masa nauyi. In ya faɗe ta da baki, za a ce yana kare ɗan sana'arsa ne ya jingina laifi ga mamaci. In ya yi shiru, za a kori marar laifi da iyalinsa cikin wannan rana.

Ya koma ya zauna, ya ce, "Haladu, jinin ɗan'uwanka ne, ba ni da bakin hana ka nema. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Famfo ba tsuntsu ba ne, bai tashi sama ba, yana cikin wata mota a garin nan. Za a jera duk 'yan jejin da muke da su, kai da hannunka za ka duba. Kafin nan faɗa mana, wanda aka samu famfon a motarsa, me za a yi masa?"

Haladu ya ce, "A ƙwace motar a ƙone ta, shi kuma kada ya ƙara kwana a garin nan."

Sarki ya ce, "Jama'a, kun ji."

Aka jera motoci goma sha tara. Aka ba Haladu tsumma da gwangwanin fetur. Ya fara da garejin Maharazu, ya zazzage akwatuna, ya tona tarin ƙarafa, babu. Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, rana na dukan ƙeyarsa, har ya gama goma sha takwas. Ya jefar da tsumma ya ce an riga an fitar da shi daga gari.

Sarki ya ce, "Goma sha tara na ƙirga."

Haladu ya ce, "Saura tawa ce, Baba."

"Ita ba mota ba ce?"

Haladu ya yi tsaki ya buɗe bonet. Famfon a lulluɓe yake da baƙin mai da ƙura, kamar an shafa masa da gangan. Ya goga sau ɗaya, ya goga sau biyu. Ɗigo uku suka fito. Gunaguni ya tashi, wani daga baya ya ce ashe ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Haladu ya ja da baya yana rantsuwa da Allah bai san yadda aka yi ba, ga shi yanzu babu mai gaskata shi, kamar yadda ba a gaskata Maharazu ba ɗazu.

Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sa aka kawo waya da filaya, ya ce Haladu ya murɗa, ya murɗa. Ya ce Maharazu ya murɗa, shi ma ya murɗa. Duka biyun murɗinsu ya kwanta dama. Sannan ya kira dattawan makanikai uku ya ce su dubi wayar da ke kan famfon motar Haladu da wadda ke kan na motar marigayi. Suka duba, suka dubi juna. Sabuwar waya ce daga ƙulli ɗaya, kuma murɗin duka biyun hagu ya kwanta.

Sarki ya ce, "Shekara shida ina dukan hannun Tanimu don ya murɗa dama, bai taɓa yi ba. Bahago ɗaya ne ya riƙe filaya a garin nan. Haladu, ba Maharazu ya saci famfon yayanka ba, kai ma ba ka sata ba. Yayanka ya san tafiyarka kwana uku ce da rayuka goma sha shida, tasa wuni guda ce shi kaɗai. Ya san kuma in ya ba ka a hannu ba za ka karɓa ba. Sai ya jira ka tafi ta'aziyya, ya cire nasa ya sa maka, ya ɗauki naka, ya shafe wanda ya sa maka da baƙin mai don kada ka gane ka ji haushi. Famfon da ya tsaya da shi a rairayi naka ne."

Haladu ya saki tsumman da ke hannunsa. Ya durƙushe a gaban motar, ya kifa goshi a kan bamba, kukan da ya ƙi zuwa ranar makoki ya zo masa a gaban kowa. Da ya sami numfashi ya ce, "Na yanke hukunci da bakina, a zartar. A ƙone ta, Baba, ni kuma in bar garin. Ba zan iya jin ƙarar injin nan ba."

Sarki ya ce, "Hukuncinka na ɓarawo ne, nan kuwa babu ɓarawo. Kyauta aka yi maka, kuma ba a mayar wa mamaci kyautarsa. Gudu ma sauƙi ne, ba zan ba ka shi ba. Ga nawa hukuncin. Ka tashi ka nemi gafarar Maharazu a nan inda ka ɓata shi. Motar nan ba mai taɓa injinta sai shi, in ya yarda. Hanyar Rijiyar Tsamiya kuma ta zama taka: duk mako ka bi ta, ka ajiye durom ɗin ruwa a inda aka sami Tanimu, ka ciyar da 'ya'yansa da abin da famfonsa ya samo."

Haladu ya rarrafa ya kama ƙafar Maharazu. Maharazu ya ɗaga shi ya ce ya yafe, amma bai dube shi ba. Motoci biyar ɗin da aka janye, uku ne suka dawo garejinsa.

An ce Haladu ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin hanyar nan, famfon bai taɓa tsayawa da shi ba ko sau ɗaya. Bai ƙara cika baki a tasha ba. Kullum in ya murɗa makulli inji ya ɗauka, fasinjoji kan ji ya ce a hankali, "Ina kwana, Yaya."

Shi ya sa makanikan Ƙarshen Kwalta ke cewa: wanda ya ƙi karɓar alherin ɗan'uwansa a hannu, wata rana zai ɗauke shi a ka, kuma babu mai sauke masa.