Mutumin da Ya Goge Sarkin Gida

Akwai wani mutum mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a bakin gari. Ba shi ya kafa aikin ba. Yayansa Habila ne ya kafa, shi kuwa ya koya a gefensa, rabi da ido rabi da kunne. Ya haura shekara talatin, amma ba mai kiransa da sunansa a asibitin nan. Ƙanen Habila, haka kowa ke ce masa.

A wani ɗan ɗaki mai sanyi akwai babbar kwamfuta guda, wadda masu aikin ke kira saba. A ido ɗaya ce, baƙin akwati mai gurnani. Amma a cikinta Habila ya gina ƙananan kwamfutoci biyar marasa jiki, kamar gidan haya: gini ɗaya, ɗakuna biyar, kowane da ƙofarsa. Huɗu na ayyukan yau da kullum ne, su ɗakin magani da ɗakin gwajin jini. Na biyar shi ke riƙe da kundin marasa lafiya na shekara goma sha ɗaya: sunan kowa, irin jininsa, maganin da yake sha, da wanda jikinsa ba ya so. Wannan ɗakin Habila ya sa masa makulli, gama sirrin mutane ne.

Akwai kuma wata manhaja mai lura da ɗakunan duka, Habila ya sa mata suna Sarkin Gida. Shi ke tashe su, shi ke buɗe musu hanya zuwa waje, makullin ɗaki na biyar ma a hannunsa yake. Da yake Habila mutum ne mai barkwanci, sai ya koya masa gaisuwa. Duk wanda ya buɗe shi zai ga an rubuta a allo: "Sannu da zuwa, Habila. Ka ci abinci?"

A tsakiyar damina mota ta kaɗe Habila a hanyar kasuwa, bai ko kai asibitinsa da rai ba.

Da aka tashi daga zaman makoki, dangi suka yi abin da aka saba, suka share ɗakin mamaci don masu rai su sami numfashi. Aka raba riguna, kawu ya ɗauki takalma. Takardu da littattafan rubutu kuwa ƙanen ya kwashe su ya ƙone a bayan gidansu, don uwarsu ta daina shiga tana shafa rubutun hannun ɗanta tana kuka.

Gida ya sharu. Amma kowace safiya, in mutumin ya zauna a kujerar yayansa, sai allo ya tambaye shi ko Habila ya ci abinci. Wata biyu yana haɗiye wannan.

Ran wata Litinin da safe ya zauna, gaisuwar ta fito, sai ya ce, "Habila yana ƙasa. Ƙasa ce ta ci shi, kai kana tambaya ko ya ci. Cikin kayansa kai kaɗai ka rage."

Ya kama linzamin kwamfuta ya ce a cire Sarkin Gida. Sau uku kwamfuta ta tambaye shi da dogon Turanci, sau uku ya danna "i" bai karanta ba, kamar yadda dukanmu muke yi. Allo ya yi fes. Ɗakunan nan biyar suka ci gaba da aikinsu kamar ba abin da ya faru, mutumin ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Da tsakar rana aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareto, saba ta tashi tana gurnaninta, amma a cikinta ba ɗakin da ya farka, gama babu mai tashe su.

Ya kashe ya kunna. Ya zare wayoyi ya hura musu iska ya mayar. Ya sāke kashewa ya kunna. Shiru. Sai ga Sista Rifkatu, babbar nas, ta turo ƙofa da ƙafa.

"Ƙanen Habila, baranda ta cika. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa kome ba, Sista."

"Haka yaron da ya haɗiye kwabo ya ce mini jiya. Ka tayar mini da kundi, ina da masu hawan jini a layi."

Ya yi sauri ya saka sabon Sarkin Gida. Ya buɗe, ba gaisuwa, ba ɗaki ko ɗaya a jerinsa. Gida a cike, mai lura da gida yana cewa kango ne.

Sai ya buga wa Kefas waya, abokin Habila da suka koyi aiki tare, yana can birni. Ya faɗa masa abin da ya yi, muryarsa ƙasa ƙasa.

Kefas ya ce, "Kai! Don gaisuwa? Layi ɗaya ne fa, da ka tambaye ni da mun canja shi kafin shayinka ya huce. To, kwantar da hankalinka, ɗakunan ba su rushe ba. Wannan sabon baƙo ne, bai san kowa ba. Kama hannunsa za ka yi, ka kai shi ƙofa ƙofa."

Haka suka yi. Kefas yana faɗa, shi yana dannawa. Suka nemo ɗakunan inda suke kwance, suka nuna wa baƙon su ɗaya bayan ɗaya, suka sāke gina hanyar da ke fitar da su waje, gama ita ma ta tafi da tsohon. Kafin la'asar, ɗakuna huɗu sun tashi. Na biyar ya ce sai an kawo makulli, makullin kuwa ya tafi da tsohon Sarkin Gida.

Mutumin ya ce, "Akwai kwafin kundin. Yaya yana ajiye kwafi kullum."

"Da makulli ɗaya aka kulle su. Amma kada ka damu, Habila ba ya wasa da wannan. Ya rubuta makullin da hannunsa, dogayen lambobi, na gani da idona. A bayan wani littafi mai jan bango. Je gida ka ɗauko."

Mutumin ya tuna ranar da ya ƙone takardun. Yana ganin jan bangon nan yana naɗewa cikin wuta, shi kuwa yana tura shi ciki da kara.

"Kana ji na?"

"Ina ji. Na ƙone shi."

 Kefas ya ce, "Ubangiji ya ba mu haƙuri." Ya kashe waya.

Kashegari aka fito wa mutumin da tebur a baranda, da tarin fararen katuna, ya riƙa tambayar kowa daga fari. Wata tsohuwa, Mama Tabita, ta zauna a gabansa da sandarta.

"Mama, wane magani kike sha?"

"Farin nan ƙarami."

"Sunansa fa?"

"Ɗana, ni na yi boko? Akwai ma wani farin, in na sha maƙogwarona ke kumbura, saura kaɗan ya kai ni. Habila ya ce ya rubuta kada a ƙara ba ni. Duba a akwatinku, yana nan."

Biro yana hannunsa, katin yana nan fari. Likita kuma sabo ne, ya ce ba zai ba ta magani da ka ba, sai ta je birni an sāke gwaji. Tsohuwa ta miƙe da ƙyar, ta dube shi ta ce, "Shekara tara ina zuwa nan, yau na zama baƙuwa." Ta tafi hannu wofi.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Babbar kwamfutar nan ranka ne, jiki ɗaya, ɗakuna da yawa: aikinka, gidanka, harshenka, barcinka. Sarkin Gida kuwa tsoron Allah ne da addu'a. Yawancinmu ba mu muka kafa su ba, a hannun wani muka karɓa. Uwa ce ta durƙusar da mu, ko ɗan'uwa, ko miji. Shi ya sa in suka tafi, addu'a takan zo mana da muryarsu, ta yi mana ciwo. Wasunmu a nan mun binne namu a bana, mun san waƙar da ba ma iya kaiwa baiti na biyu. Sai mu ce ai wannan kayan mamaci ne, mu haɗa da riguna mu fitar.

Ranar da ka fitar ba za ka ga kome ba, har sauƙi za ka ji. Sai ran da aka ɗauke wuta.

Ubangiji mai jinƙai ne, wanda ya komo yakan karɓe shi, ɗakuna huɗu sun tashi. Amma ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, na biyar bai tashi ba, wadda ta sha wahalar kuwa ba ita ta danna kome ba. Saboda haka in baƙin ciki ya miƙa maka tsintsiya, ka tsaya a kan kowane abu ka tambaya tukuna: wannan nasa ne, ko riƙe mana yake yi?