Sheƙa Tara a Kan Dutse

Akwai wani masunci a ƙauyenmu na gaɓar teku a jihar Maine, sunansa Elwood Beal. Mutumin kirki ne, amma kai, akwai gaggawa, ga taurin kai.

Ba abin da ya tsana kamar shag, baƙin tsuntsun nan mai nitso ya kamo kifi. Iri biyu ne a wajenmu. Mai ruwan ɗorawa a maƙogwaro ya yi yawa har ya addabi masunta. Mai farin maƙogwaro kuwa ya kusa ƙarewa.

Da bazara Elwood ya samu izinin shafa mai a jikin ƙwan irin da ya yi yawan a wani tsibiri, don kada su ƙyanƙyashe. Yayarsa Lorna ta bi shi cikin kwalekwale.

Suna dosar tsibirin ta ce, "Kashe injin nan, Elwood."

"Haba Yaya, kallon me za mu yi? Shag ai shag ne."

"Kana sauka duk za su tashi. Ƙwai kuwa ba ya da maƙogwaro. Da me za ka bambance?"

"Fararen nan sun ƙare tun Baba na da rai."

"Kai ka binne su? Zauna, sarkin gaggawa."

Ya yi tsaki, ya kashe. Kusan awa guda ruwa na lilo da su, yana ta mita har ya cinye mata burodi.

Can ta miƙa masa madubin hangen nesa. "Duba saman dutsen can."

Ya duba. Farin maƙogwaro! Ya ƙirga sheƙa tara, daidai gefen da ya yi niyyar farawa.

"Nan Baba yake nuna mana su," in ji shi. "Yaya, da da hannuna zan ƙarasa su."

Suka zagaya can ƙasan tsibirin, ya yi aikinsa, ko kusa da dutsen bai je ba.

A watan Yuli suka koma, suka ƙirga 'yan tsaki goma sha huɗu. Wallahi ranar bakin Elwood ya ƙi rufuwa.

Yanzu duk wanda ya doshi dutsen, sai ka ji shi yana ihu, "Kashe injin nan, sarkin gaggawa!" Lorna dai sai dariya.

Darasi: Kama da wane ba ta wane. Kafin ka yi wa abu kuɗin goro, tsaya ka duba, don abin da ya ƙare ba ya dawowa. Ku tura wa mai gaggawar gidanku.