Ƙauyen da Bashar Ya Gina a Cikin Akwati

'Ya'yana da jikokina na wannan shafi, wadda ta fara ba ni labarin nan Malama Turai ce, malamar firamare da aka turo aiki Safana. A bayan a-kori-kura muka haɗu, muna zaune kan buhunan wake. Sunan ƙauyen kuwa ba zan faɗa ba. In kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Akwai wani mai gyaran waya a kasuwar Batsari, sunansa Bashar. A shekarun nan da ɓarayin daji suka hana mutane sakat, ya baro ƙauyensu can bayan Wagini, ya kama 'yar rumfa a gari. Uwarsa Hajjo ta ƙi biyo shi. Ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta.

Allah ya ba Bashar hannu, wannan ba a musu. Ya samo katakon tsohuwar kwaba, da gilashin talabijin da aka yar, da cikin wata waya da ta fashe. Ya haɗa da batirin babur da 'yar sola. Ya yi maɓallai da murafen kwalba, ya yi sandar juyawa da hannun birki. Sai ga akwatin gem tsaye, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum.

A ciki akwai wani wasa da ake gina duniya bulo bayan bulo, sannan mutum ya shiga ya yi ta yawo kamar da ƙafarsa. Wasu gidajen sama suke ginawa. Shi Bashar ƙauyensu ya gina.

Wata bakwai yana yi. Ga masallaci, ga rijiyar da bakinta ya karye, ga rumbunan kowane gida, ga turken jakin mai unguwa. 'Yan gudun hijira na ƙauyen su kan zo su tsaya. Wata tsohuwa ta ga ƙofar ɗakinta a gilashi, ta kai hannu za ta taɓa, ta fashe da kuka. Har nan dai ba laifi, ni ma da na gani da na yi kuka.

To, ƙauyen nan suna da wani sirri. In aka ji ƙarar babura, mata da yara ba sa bin hanyar mota. Ta bayan masallaci suke sulalewa, su gangara kwazazzabo, su shige wani kogo da ke ƙarƙashin saiwar kuka. Mutum ɗaya ke zama na ƙarshe, yana jan reshen ƙaya yana share sawu. Ko amarya aka kawo daga wani gari, ba a nuna mata wurin sai ta yi damina guda a cikinsu. In an taso kafin nan, riƙe hannunta ake yi a rufe mata fuska da mayafi. Sau huɗu kogon nan yana tsare musu rai.

Bashar ya gina shi a cikin akwati. Da hanyar, da kukar, har da reshen ƙayar.

Ranar wata kasuwa kawunsa Armaya'u, yayan Hajjo, ya kawo wake a jaki, ya biyo ta rumfar. Bashar ya kama sandar juyawa yana zagayawa da shi, yana jiran yabo. Da suka gangara kwazazzabo, sai tsohon ya sa rigarsa ya rufe gilashin.

"Bashar, mi ne ne wanga?"

"Kogonmu ne mana, Kawu. Ka ga har saiwar da ke kama ƙafa na sa."

"Cire shi."

Bashar ya yi dariya. "Kawu, wasa ne fa. Ɓarawon daji da ko sunansa bai iya rubutawa, ina shi ina gem?"

"Ba karatu ake yi a nan ba, kallo ake yi. Kuma yana da ido. Uwarka na shiga ramin ga. Ka cire."

Samarin da ke layin jiran wasa suka soma ƙus-ƙus. Bashar ya ji kunya ta kama shi a gabansu, sai ya ɗaga murya. "Ku dai tsofaffi komai tsoro. Wata bakwai ina aiki, in rushe don mai jaki ya ce? Je ka sayar da wakenka, Kawu, ka bar mana abin da muka sani."

Armaya'u ya dube shi ya daɗe. Ya kwance jakinsa ya tafi.

Cikin masu zuwa akwai wani Hamidu, mutum mai fara'a da shadda mai guga, ya ce shi hatsi yake saye yana kai wa birni. Kasuwa uku a jere yana zuwa. Bai damu da wasan faɗa ko na tseren mota ba, shi dai a buɗe masa ƙauyen.

"Wallahi Oga Bashar, ko a Kano ban ga mai kanka ba," in ji shi. "Amma gini ne kawai na sama-sama, ko? Gidaje kowa ma zai iya."

Maganar ta soki Bashar. "Sama-sama? Matso ka gani."

Ya bi da shi ta bayan masallaci, ya gangara, ya shiga har cikin kogon. Ya gaya masa mutum nawa yake ɗauka. Ya gaya masa ƙofa ɗaya ce. Hamidu ya ciro waya ya ce bari ya ɗauka ya nuna wa abokansa, su san Batsari akwai masu ilimi. Bashar har gyara masa tsayuwa ya yi don kada rana ta haske gilashin.

Kwana tara bayan nan, da la'asar, ana tsakiyar sussukar gero, babura suka shigo ƙauyen. Suka rabu biyu. Rabi suka shiga gari suna harbi, suna cinna wa rumbuna wuta. Rabi kuwa tun tuni sun zagaya, sun laɓe a bakin kwazazzabo suna jira.

Mata suka gangaro da goyo, suka faɗa hannunsu.

Na ƙarshe mai jan ƙaya a ranar Nu'uman ne, ɗan Armaya'u. Ya saki reshen ya yi kan na gabansu da hannu wofi. Harsashi uku suka zuba masa a ƙirji, ya faɗi kan ƙayar. Suka sare wani dattijo da adda. Hajjo ta riƙe wata jikarta ta ƙi saki, aka buga mata gindin bindiga a ƙugu, ƙashin ya karye. Mutum shida aka kashe. Aka kora mata da yara goma sha ɗaya daji kamar awaki.

'Yan sa-kai sun bi sawu, suka harbo ɗaya daga cikin ɓarayin. A aljihunsa aka sami waya. A cikin wayar ga bidiyon akwati, ga muryar Bashar tar, yana cewa, "Ƙofa ɗaya ce, in ka tare nan ka tare kowa."

Washegari da azahar Bashar na rumfarsa, ya ji an kai hari amma bai san yadda aka yi ba, yana ta kiran wayar mutanen gida ba ta shiga. Sai ga 'yan sa-kan nan. Ba su tambaye shi komai ba. Suka fizgo shi ta wuyan riga, suka maka shi da ƙasa. Gora ta sauka a bayansa, ta sauka a kansa. Wani ya take hannunsa na dama, ya sa gindin bindiga ya farfasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Infoma. Da hannun nan ka zana musu hanya?"

Suka kifar da akwatin, suka sassare shi da gatari. Wani ya kawo taya ya rataya masa a wuya. Wani ya zuƙo fetur daga tankin babur ya kwarara masa. Bashar na ganin ashana ta cikin jinin da ya rufe masa ido, ya kasa ko salati.

Sai wani tsoho ya ratsa taron, ƙafafunsa duk jar ƙasar maƙabarta. Armaya'u ne. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya kwanta a kan Bashar, fetur ya jiƙa masa riga.

"Baba, tashi. Shi ya kashe maka ɗa."

"Na sani. Ni na wanke Nu'uman da hannuna ɗazu."

"To tashi mana."

"Yaron ga wawa ne, mai girman kai. Amma bai sayar da mu ba. Na ga abin kafin ku, na ce ya cire, ya zage ni gaban mutane. Wanda ya sayar ba ya kafa abin a tsakiyar kasuwa. Na binne shida da safe. Ƙanwata na kwance da karyayyen ƙugu, ba za ni je in ce mata na tsaya an ƙona ɗanta ba. In za ku kyasta, ku kyasta da ni."

Mai ashanar ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya tofa wa Bashar yawu, ya juya.

A kan jakin nan da ya raina aka ɗauke shi zuwa asibiti. Yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Hamidu kuwa ba a sake ganinsa ba. Daga cikin goma sha ɗayan, takwas ne suka dawo bayan wata biyu.

Da ya warke ya koma ƙauyen, yana jinyar uwarsa, yana yi wa kawunsa noma da hannu ɗaya da rabi. Mutanen sun riga sun sami wani maɓoyin. Wata rana yana ba Hajjo kunu, ya ce, "Inna, in an taso, ina zan kai ki?"

Hajjo ta shafa kansa, a daidai tabon. "Akwai masu ɗaukata, ɗana. Kai kuma za a riƙe maka hannu a rufe maka fuska. Sai ka yi damina."

Bashar ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ni dai da Malama Turai ta gama, ban iya cin abinci ba ranar. Washegari da safe, ko koko ban sha ba, na buɗe shafin nan na goge hotunan da na sa muku na sabon rumbunmu da hanyar gonar ƙanena. Guda goma sha huɗu. Yabonku ya yi mini daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Darasi: Ba duk abin da ka iya nunawa ne naka kai kaɗai ba. Kafin ka ɗora wani abu a gilashi don a yaba maka, ka tambayi kanka ran wa ke ciki, kuma in babba ya ce ka cire, ka cire ko ba ka gane ba tukuna. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ɗaukar hoton komai.