Ranar da Idir Ya Tare Iska

Akwai wani saurayi a garin Azru mai suna Idir, yana aiki a wani gidan shayi da ke bakin hanyar Ifran. Aikinsa kai shayi tebur-tebur da wanke kofuna. Allah ya ba shi ƙafa, amma shi kansa bai sani ba.

Wata safiya wata tsohuwa ta manta jakar maganinta a kan kujera, ta shiga tasi. Idir ya suri jakar ya bi motar a guje, da silifas a ƙafarsa, har saman tudun da ke bayan masallaci. Can ya cim mata, ya miƙa jakar ta taga, ya dawo ko haki ba ya yi sosai.

Cikin masu shan shayi akwai Ba Assu, dattijon da ke jagorantar ƙungiyar 'yan gudu ta unguwarmu. Ya ajiye kofinsa ya ƙura wa yaron ido.

"Kai yaro, wa ya koya maka gudu?"

"Ba kowa, Ba Assu. Mai gidan nan ne da faɗan tsiya, shi ya sa na iya sauri."

"To gobe bayan asuba ka same mu a bakin daji. Kuma don Allah ka bar silifas ɗin nan a gida, kada ka kunyata mu a gaban birai."

Haka Idir ya shiga gudu. Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Akwai makanike, akwai malamar makaranta, akwai ɗalibai da mai gasa burodi. Ba su da ofis, ba su da mota. Abin da suke da shi shi ne layi.

Duk wanda ya taɓa hawa filin da ke saman garinmu ya san iskarsa. Da ka fita daga cikin itatuwa, ba abin da ya rage sai duwatsu da tumaki, iska kuwa ƙirjinka take nema. Don haka 'yan ƙungiyar suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Na gaba shi ke tare iska, na bayansa suna gudu cikin sauƙi. In ya gaji sai ya kauce hagu ya koma ƙarshen layi, mai bi masa ya karɓa. Ba a kiran suna, ba a busa usur. Kowa ya san lokacinsa.

Idir kuwa bai yi wata guda ba ya gano wata dabara. Da ya ga saura mutum ɗaya ya kai gaba, sai igiyar takalminsa ta kwance. Ya durƙusa ya ɗaure, ya koma can baya abinsa. Wata rana tari ne ke kama shi, wata rana tsakuwa ce ta shiga takalmi. Amma da an hango famfon da ake tsayawa, sai ya fito da sabon ƙarfinsa ya wuce kowa, ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka ba kofin gasa.

Itto, malamar makarantar nan, ba ta iya gani ta yi shiru ba.

"Idir, igiyar takalmin nan naka akwai wayo. Ba ta kwancewa sai ta hango iska."

"Yaya Itto, ai gudu da kai ake yin sa, ba da ƙirji ba."

"Au, haka ne? To mu masu ƙirji mun gode da muke ɗauke maka kan naka."

Aka yi dariya, shi ko a jikinsa. A gidan shayi ma cika baki yake yi, wai ba wanda ya taɓa riga shi isa famfo.

Wanda ke cike gurbinsa kullum shi ne Moha makanike, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. In Idir ya zille, Moha ya yi nasa ya ƙara da na Idir. 'Yan ƙungiya suka gaji, suka kai ƙara wurin Ba Assu a kore shi. Dattijon ya juya ya tambayi Moha ra'ayinsa, tun da shi ke shan wahalar.

Moha ya ce, "Ku bar shi. Yaro ne, kuma wallahi ƙafarsa ta fi tamu duka."

Da bazara ta matso, aka sanar da babban tseren yankin. Goma na farko za a ɗauke su sansanin horo, a ba su ɗaki da abinci da mai koyarwa. Moha ya sha gwadawa yana tsayawa a bakin ƙofa, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, don shekarunsa sun kusa wuce iyaka.

Shi ma Idir yana da nasa dalilin. Mahaifinsa, Si Hammu, makiyayi ne da fari ya cinye masa rabin garke, kuma a ganinsa gudun da ba a kora tunkiya ba, wasan yara ne. Ya zaunar da ɗansa bayan cin abinci.

"Kawunka na Kazablanka yana neman yaro a shagon taya. Na ce masa ya jira tseren nan. In ka shiga goma, ka ci gaba da gudunka. In ba ka shiga ba, washegari ka hau mota. Ba na son a sake tayar da maganar."

"Baba, ai kamar an gama ne."

"Allah ya sa."

Ranar tsere ni ne goye a bayan babur ɗin Ba Assu, ina rungume da jarkar ruwa. Don haka abin da zan faɗa muku da idona na gan shi.

Tun kafin a tashi, iska take fizgar tutoci. Ba Assu ya tara yaransa ya ce kowa ya tsaya a layi, kada wanda ya ruɗu da baƙi. Idir ya gyaɗa kai. Ana tashi kuwa ya manne wa baƙin da suka zo daga garuruwan Fas da Meknas, waɗanda suka fita da wuta, ko waiwaye bai yi ba.

A cikin daji komai lafiya lau. Suna fitowa fili, iska ta karɓe su. Idir ya nemi bayan da zai laɓe, sai ya tarar shi ne a gaba, baƙin duk sun jeru a bayansa. Ya rage gudu, suka rage. Ya kauce hagu, suka kauce tare da shi. Ashe ba shi kaɗai ya iya wannan wayon ba.

Mutumin da bai taɓa tare iska ba, yau ga shi ita da shi. Ya yi ta fama har numfashinsa ya fara sarƙewa. Da suka ga ya ƙare, sai suka zagaye shi ɗaya bayan ɗaya suka yi gaba. Ya ƙirga, waɗanda suka wuce shi sun fi goma nesa ba kusa ba. Har ya fara duban wani dutse a gefen hanya da zai zauna.

Sai ya ji takun ƙafa a bayansa. Ƙafafu da yawa ne, amma sauti ɗaya suke bayarwa.

Layin ƙungiyarsa ne. Suka zo daidai da shi, ba wanda ya harare shi, ba wanda ya ce masa ai ga irinta nan. Itto ce kawai ta ɗan ja baya, ta buɗe gurbi a gabanta.

"Shiga, mai igiya. Yau dai kada ta kwance."

Ya shiga. Nan take iskar ta ɗauke masa, numfashinsa ya fara dawowa.

Jama'a, na ga tsere da yawa, amma ban taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba. Sun san ba dukansu za su shiga goma ba, sai suka fasa tanadin ƙarfi. Mai gasa burodi ya shiga gaba ya ja layin har ƙafarsa ta daina ɗaukarsa, ya fice gefe yana tafa musu. Ɗalibai biyu suka yi nasu suka zube. Itto ta karɓa, ɗankwalinta na kaɗawa, ta ja su har saman gangaren ƙarshe, sannan ta durƙusa a kan ciyawa tana ihu, "Ku tafi! Ku tafi!"

Baƙin nan kuwa sun watse a fili, kowa na dambe da iska shi kaɗai, don ba wanda ya yarda ya tare wa wani. Layin ya riƙa tsince su ɗaya-ɗaya. Na ji Ba Assu yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Daga ƙarshe saura mutum biyu a layin, Moha a gaba, Idir a bayansa. Wani makiyayi da ke tsaye a kan dutse ya ɗaga murya, "Tara suka wuce! Tara!"

Gurbi ɗaya ke nan ya rage.

Moha ya daɗe da wuce lokacinsa a gaba. Kafaɗarsa ta sauka, takunsa ya fara karkacewa. A baya kuma ga baƙi biyu suna matsowa. Akwai sauran fili mai tsawo kafin a shiga gari, duk iska ce.

Idir ya huta, kuma ya san abin da ya iya. In ya ci gaba da laɓewa har kwanar shiga gari, ya fito da ƙarfinsa, ba Moha ba, baƙin nan ma ba mai kamo shi. Gurbin nasa ne, ba zai ga shagon taya ba. Moha ma ya san haka, kuma bai kauce ba.

Ina kallon fuskar yaron daga kan babur. Ya dubi bayan rigar Moha da ta jiƙe sharkaf. Sai ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗarsa.

"Yaya Moha, koma baya."

"Bari, yaro. Adana ƙarfinka."

"Na ce ka koma baya!"

Ya zagaye shi ya shiga gaba. Ya buɗe ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai, ya yi wani irin gudu da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi a cikin wannan iskar ba. Bai kauce ba, bai waiwaya ba. Baƙin da ke matsowa suka fara komawa nesa. Moha ya manne a bayansa, kafaɗarsa ta miƙe, takunsa ya daidaita.

Ba Assu ya tsayar da babur a tsakiyar hanya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Allahu akbar. Ka ga yaron nan? Ka gan shi?" Sai da na tuna masa tsere bai ƙare ba sannan ya tayar.

A kwanar shiga gari ƙafafun Idir suka ƙare. Ya kauce hagu. Moha ya zo daidai da shi ya rage gudu, yana neman kama hannunsa.

"Tare za mu shiga."

"Gurbi ɗaya ne! Tafi, kada ka sa wahalata ta tashi a banza!"

Moha ya tafi, shi ya zo na goma. Baƙin nan biyu suka wuce Idir a cikin gari yana tangaɗi. Da ƙyar ya ja jiki ya taka layin ƙarshe, ya zube a ƙasa.

Si Hammu yana nan a cikin jama'a da sandarsa. Tun daga kan tudu ya hango komai. Ya ratsa mutane ya tsaya a kan ɗansa.

"Gurbin yana hannunka. Ko makaho ya san haka. Me ya sa ka bayar?"

Idir bai iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Lokacina ne na shiga gaba, Baba. Na daɗe ban shiga ba. Zan haɗa kayana yau."

Tsohon ya dubi Moha da ke durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya dubi sauran da ke isowa ɗaya-ɗaya suna ɗingishi, kowa ya nufo Idir. Sai ya cire jallabiyarsa ta ulu, ya lulluɓa wa ɗansa.

"Gobe yaushe kuke fita?"

Idir ya ɗago. "Bayan asuba, Baba."

"To kwanta da wuri. Ni zan tashe ka."

Darasi: Sauƙin da kake ji a rayuwa, sau da yawa wani ne a gabanka yake tare maka wahala bai faɗa ba, ko uwa, ko uba, ko abokin aiki. Kada ka ɗauka wayonka ne ya kai ka. Ka gode musu, kuma in lokacinka ya zo ka shiga gaba ko da za ka rasa abin da kake so, domin mutuncin da za ka samu ya fi shi. In akwai wanda ya taɓa tare maka iska, tura masa wannan labarin, ka kuma yaɗa shi don wasu su amfana.