Ranar da Ɗalha Ya Toshe Lungun Dukawuya

Ɗalha ɗan kwana-kwana ne, haifaffen Dukawuya, jarumi wajen riƙe mesa, amma yana da ciwo guda: gani yake babu lungun da bai sani ba a birnin Kano. In ka nuna masa hanya, sai ya ce maka a nan aka yanke masa cibiya.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka ce za a gwada masu son zama direbobin motar kashe gobara a ofishinsu. Ɗalha ya gaji da zama wuri ɗaya, shekaru na wucewa ba ƙarin girma. Ya dage ya koyi tuƙi da sarrafa famfo. Abu ɗaya ya raina. Al'adar ofishin ce mai neman tuƙi ya zagaya unguwanni da ƙafa, riƙe da gora daidai faɗin motar, yana auna inda za ta iya wucewa.

"Ɗauki gorar nan ka zagaya, Ɗalha," in ji Malam Hammadu, tsohon direban da ke koya masa.

"Haba Baba! Ni zan yi yawo da gora a unguwarmu kamar mai kakkaɓar mangwaro? Ai sai a yi mini dariya."

Ana gab da gwajin, da rana tsaka aka sanar da gobara a Dukawuya, gidan Gwaggo Dije mai ƙuli-ƙuli, ƙawar mahaifiyar Ɗalha. Malam Hammadu na kwance da zazzaɓi, sai ogansu ya miƙa wa Ɗalha makulli. Daɗi ya kama shi, ga damar nuna bajinta ta samu. Maimakon ya zagaya ta titi su ja mesa daga can, sai ya karya sitiyari ya faɗa wani lungu da ya sha bi a keke. Tun da ya yi aure ya koma Ƙofar Na'isa rabonsa da lungun, bai san sabon kansila ya sa an gina lambatu a gefensa ba.

Taya ta hau murfin lambatun, nauyin ruwa ya rufta shi, mota ta karkata ta jingina da katanga. Ya sa ribas, taya na juyawa a banza. Ƙofarsa ta manne da katanga, ɗayar kuma dakali ya tokare ta. Abokan aikinsa da ke baya suka dira suka ja mesa, ta ƙare ba ta kai gidan ba.

Mafi muni, ta lungun nan 'yan ga-ruwa ke bi daga rijiya. Kurayensu na tura ruwa suka jeru a bayan motar, jarkoki cike, ba hanya.

"A matsar da motar nan, don Allah!" jama'a na ta ihu suna dukan ƙarfe.

Ɗalha na ciki, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ba gaba, ba baya, ba fita. Ta gilashi yake kallon hayaƙi na turnuƙewa, yana kallon fuskokin da suka san shi tun yana rarrafe. Kunya ta sa ya kashe jiniya. Ji yake da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin wata mota ta iso ta titi, wuta ta cinye ɗakunan Gwaggo Dije ƙurmus, Allah dai ya tsare rai. Ta taga aka zaro Ɗalha, nan take oga ya karɓe makulli ya ce ya cire rai da gwaji. Gwaggo Dije ta ƙaraso, zanenta duk toka, ta dube shi.

"Ɗan nan, ashe kai ne a ciki? Da ba ka zo ba, da ruwa ya iso gare ni."

Darasin a fili yake. Sanin da ka yi wa wuri jiya ba ya isar maka yau, kuma aikin da ran mutane da dukiyarsu suka rataya a kansa ba ya son girman kai. Duk mai neman matsayi ya daure ya bi matakan da ya raina, domin in ya tsallake su, cutar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba.