Ƙullin Ƙasar Baba

Akwai wani matashi da ya gama digirin digirgir a fannin binciken ƙasar noma. Tun daga ranar kowa Dakta yake ce masa, har mahaifinsa.

Ana nan sai ya samu gurbin ƙarin bincike a wata jami'a a ƙasar waje. Murna a gidan nan ba a magana.

Ranar tafiya, Baba ya jawo shi gefe, ya zaro ƙullin leda daga aljihu.

"Dakta, ƙasar gonata ce. Masara sai ta taso, ta yi rawaya, ta tsaya cak. Ka sa ta a na'urarku, ka gaya min ciwonta."

Dakta ya sani sarai ba a ƙetare iyaka da ƙasa sai da izini. Ya kuma san da ya miƙa wa abokin aikinsa na nan gida, da an auna ta cikin sauƙi. Amma ina, kai ya riga ya kumbura! Wai mutum kamarsa zai tsaya kan 'yar gonar bayan gari?

"To, Baba," ya ce. Yana shiga filin jirgi ya jefa ƙullin a kwandon shara.

Duk kiran waya, ana gama gaisuwa sai Baba ya ce, "Sakamakon ya fito?"

"Ana kai, Baba."

Da damina ta matso, tambayar ta ishe shi. Yana tsaye a ɗakin gwaji da farar riga, ƙasar gonakin mutanen da bai taɓa gani ba jere a kwalabe a gabansa, ya ce, "Ya fito. Yunwa ce kawai. Ka ninka takin zamani."

Allah Sarki tsoho! Har maƙwabta sai da ya bi yana ba su labari cewa ɗansa ya auna masa gona a ƙasar waje. Ya ninka taki kamar yadda aka ce. Masarar ta ƙone tun ba ta kai gwiwa ba.

Ƙanwar Dakta ta turo masa hotunan ganyen da saiwoyin. Kallo ɗaya ya yi, ya gane ciwon. Tsami ne ya yi wa ƙasar yawa, irin wancan takin kuwa ƙara shi yake yi. Da ma farar ƙasa kawai za a barbaɗa, ta kashe tsamin.

Ya kira ta nan take. "Ki ce wa Baba akwai magani."

"Yaya, ka makara. Ya sayar wa masu buga bulo da gonar, har sun fara haƙa. Ya ce tunda kai da na'urarka kun kasa, ƙasar ta mutu."

Gonar da ta ciyar da shi har ya zama Dakta ke nan. Ya ce ta ba shi Baba, zai faɗa masa gaskiya. Amma tsohon ya riga shi.

"Kada ka sa damuwa a ranka, ɗana. Na'ura ba ta ƙarya. Ni ne ban iya ɗebo ƙasar ba. Na sa ka wahalar banza a wurin aikinka, ka yafe min."

Dakta ya fashe da kuka.

Darasi: Ilimin da bai amfani na gida ba, kaya ne kawai a ka. Idan ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri, domin wanda ya yarda da kai da maganarka zai yi aiki. Ku tura wa 'yan'uwa masu karatu, ko wani zai gyara tun iyayensa na raye.